Tsagar Butar Donya Nesta

Matan cocinmu sun haɗa wani ɗan littafi na tunawa da uwar mijina, Donya Nesta, kowacce ta rubuta shafi ɗaya. Sun nemi maƙwabta, sun nemi matar fasto, har wadda ke kawo mata ƙwai sun nema. Ni da na zauna gida ɗaya da ita shekara talatin da ɗaya, na wanke ta, na juya ta a gado, ba wadda ta tuntuɓe ni. To ga nawa shafin. Kuma tun daga farko ku sani ban taɓa son matar nan ba, ita ma ba ta taɓa so na ba, ba kuma mu ɓoye wa juna ba.

An haife ta a wata gona a bakin kogin Chubut, tafiyar rabin awa a keken doki daga Gaiman. Ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya tara. Ubansu yana noman ciyawar dabbobi, uwarsu tana yin cuku, a gida ba a magana sai da yaren Wales na kakanninsu. Tana shekara goma sha ɗaya aka cire ta daga makaranta aka miƙa mata bokitin tatsa. Duk wanda ya san ta ya san wannan labarin, don ba ta gajiya da ba da shi, musamman idan ta ga mutum ya zauna ya miƙe ƙafa. 'Yar guntuwa ce, siririya, ga saurin tafiya, ga ido mai ƙirga laifi. Tana da ashirin da ɗaya ta auri Tudur Rowlands, ta tare a gidan jan bulon nan da nake ciki yanzu, ta tarar da uwarsa, Nain Ketura, da kuma butar.

Butar shayi ce ta tangaran, ruwan ƙasa, mai ƙaton ciki, tana ɗaukar kofi goma sha biyu. Uwar Nain Ketura ce ta taho da ita daga Wales a jirgin ruwa, naɗe cikin siket, aka ce a hanya ta yarda akwatin kayanta ya jiƙe amma ba ta yarda butar ta bar cinyarta ba. A gidan nan an fi ganin girman butar da na wasu mutane, ni shaida ce. Ranar ashirin da takwas ga Yuli, da ake tunawa da saukar kakanni daga Wales, kowane tsohon gida yana da teburinsa a ɗakin shayi na coci, kowane tebur da butarsa, kuma mace ɗaya ce ke zama a babbar kujerar teburin tana zubawa. Wadda ke riƙe da butar ita ce uwar gidan. Nain Ketura ta zuba shekara arba'in, da hannunta ya gaza ta miƙa wa Nesta. A ƙa'ida, daga Nesta sai matar ɗanta, wato ni, tunda ɗa guda gare ta.

Zan ba ta haƙƙinta, don ni ba maƙaryaciya ba ce. A kwarin nan kaf ba wanda ya kai ta iya shayi. Ba ta amfani da ruwan magudanar gona, sai na sama da take tarawa a ganga. Ganyenta baƙi ne na Misiones, ta haɗa shi da ɗan na Silon da take sayowa a Trelew ta ɓoye a gwangwani bayan fulawa. Shayin 'yar jaka kuwa, in ka kawo mata shi tsaraba, to kun ɓata ke nan. Ruwa ya tafasa sau ɗaya tak, a zuba, a sa wa butar hularta ta ulu, a jira minti biyar, madara ta riga shayi shiga kofi. Amma dokar da ta fi kowacce ita ce ɗumama buta. Kafin ruwan zafi ya taɓa ta, sai an zuba mai ɗumi an jujjuya an zubar, sau biyu in da sanyi. Ko baƙo ne ya zo wucewa ta kicin sai ta tambaye shi ko a gidansu ana ɗumama buta. Na ɗauka tsabar iyayi ne.

Ƙarfe huɗu na yamma tebur ya cika: burodi yankakke siriri har kana hango hannunka ta ciki, da man shanu mai gishiri, da kek na tuffa, da na kirim, da jam na 'ya'yan itacen lambu, sai baƙin kek ɗinta da ke shekara a gwangwani bai lalace ba. Idan ka ci kaɗan ta ce ka raina girkinta. Idan ka ci da yawa, bayan ka fita ta ce da alama a gidanku ba a ɗora tukunya.

Ni Zulema sunana, daga kan tudu nake, can Gan Gan, inda ba komai sai iska da tumaki. Ubana makiyayi ne. A wurinmu wani shayi da ake kira mate muke sha, a zuba ganye a ƙoƙo ɗaya da tsinken ƙarfe ɗaya mai rami na zuƙa, ya zaga hannu zuwa hannu, daga mai gida har baƙon da ya sauka daga doki yanzu. Na zo Gaiman aiki a gidan burodi, a nan Aled, ɗan Nesta, ya gan ni, ya dinga sayen burodin da gidansu ba sa bukata har muka yi aure. Ranar da ya fara kai ni gidansu shan shayi na hura kofin don ya huce, na kuma bar cokali a ciki.  Nesta ta juya ta yi wa Nain Ketura magana da yarensu, tsohuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai bayan shekaru, da na iya yaren, na gane abin da ta ce: wai a duba ko akwai tsinken ƙarfe a aro wa baƙuwa. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran sunana ba, sai 'yar tudu.

Kwana tara da tarewata abin ya faru. Ranar Lahadi ce, duk sun tafi coci da rana, ni aka bar ni in kula da wuta. Ina ta neman abin da zan yi in burge matar nan. Na goge tagogi, na share bayan murhu, sai idona ya kai kan butar. Da na buɗe murfin na leƙa, sai na ga cikinta baƙi ƙirin, dattin shayi ya yi kauri ya kama ko'ina. A raina na ce, ashe duk tsabtar tasu a baki take. Ban san ba a wanke cikin butar shayi da sabulu ba, ɗauraya kawai ake yi, kuma wannan baƙin shi ne abin alfaharinsu. Wa zai gaya mini? Na samo toka da sabulu da soson ƙarfe, na zauna a bakin ƙofa na dirje ta sai da cikinta ya yi fes. Na mayar da ita wurinta ina jin daɗi, har ina ƙirga irin godiyar da za a yi mini.

Ƙarfe huɗu aka zauna. Nesta ta ɗauko butar, ta buɗe, ta tsaya. Na ga fuskarta ta yi fari, na ɗauka mamaki ne. Ta daɗe tana kallon ciki, sannan ta ɗumama ta, ta zuba ganye da ruwa, ta kawo tebur. Ba a yi minti biyu ba sai ga ɗigo a kan farin ƙyallen tebur, ga wani, ga wani. Nain Ketura ta cire hular butar da kanta. Daga gindin mariƙi har ƙasa akwai wata siririyar tsaga, shayi yana tsattsafowa ta cikinta.

"Nain, ga aikin 'yar tudu," in ji Nesta, da Sifaniyanci don in ji da kyau. "Kwana tara ta yi a gidan nan."

Na ce ni wankewa kawai na yi. Ta tambaye ni da me, na faɗa. Da na ambaci soson ƙarfe sai tsohuwa ta rufe fuska da hannu ta fara kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti. Tudur ya tashi ya fita wajen shanu. Aled yana kallon farantinsa kamar an rubuta masa wasiƙa a ciki. Ni kuwa sai na fara shakkar kaina. Hannuna na aiki ne, mai ƙarfi, wataƙila na danna da yawa, wataƙila na buga ta a dutsen ƙofa ban ji ba. Na zagaya tebur na durƙusa a gaban Nain Ketura, na ce na tuba, a yafe mini. Wannan durƙuson shi ne abin da har gobe in na tuna nake jin zafi a ƙirjina.

Washegari Nesta ta sa butar a cikin babbar tukunya, ta cika da madara, ta bar ta a wuta kaɗan-kaɗan tun safe har yamma. Da ta huce, yoyo ya tsaya. Kowa ya dinga yaba mata, wai ina ta samo wannan dabara. Ni ma ban tambaya ba, ina can ina jin kunya. Kafin sati ya zagayo labari ya gama kwari, daga Gaiman har Dolavon. Bayan shekara biyu Nain Ketura ta rasu, kuma Nesta ta ce wasiyyarta ta ƙarshe ita ce kada hannuna ya sake taɓa butar. Ita kaɗai ce a ɗakin lokacin da aka yi wasiyyar.

Haka na shiga shekarun wanke kofi. Duk ashirin da takwas ga Yuli, matan gidaje suna zaune a kan teburansu da fure a ƙirji, ni ina baya wajen baho, hannu cikin ruwa, tare da 'yan mata masu shekara goma sha biyar. 'Yan matan su girma, su yi aure, su koma gaba su zauna, a kawo wasu, ni ina nan. Aminiyar Nesta, Donya Olwen, wata doguwa mai muryar waƙar coci, ba ta taɓa wuce ni ba tare da ta ce a ba Zulema cokula kawai, su ba sa fashewa. Mata su yi dariya. Shekara talatin tana wannan barkwancin, bai taɓa tsufa a bakinta ba.

Kada ku ɗauka zama na yi ina kuka. Na koyi yarensu tsaf, ba don ƙauna ba, don in ji abin da ake faɗa a kaina in kuma rama. Na koyi baƙin kek ta hanyar leƙe, tunda ba za ta koya mini ba, har ya kai in an yanka nawa da nata Tudur ba ya bambancewa, abin da ya sa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Kuma kullum ƙarfe huɗu saura kwata, lokacin da take shimfiɗa farin ƙyalle, sai in ɗauko ƙoƙona na mate in zauna a kicin ɗinta in ja har tsinken ya yi ƙara. Ta tsani wannan ƙarar. Takan ce wani doki ya shigo gida. Ni kuma in ce dokin ne ya yi burodin da za a ci. Idan na kai ƙara wajen Aled, amsarsa ɗaya ce, in yi haƙuri, Mam ce, wato mahaifiyarsa, haka take. Mutumin kirki ne Aled, amma a gaban uwarsa ba shi da ƙashi.

Da Tudur ya faɗi a gona ya mutu, Nesta ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Ta yi kek shida da hannunta, ta zuba wa mutum ɗari da wani abu shayin jana'iza, ta dawo gida ta tatsi shanu. Ta riƙe gonar ita da Aled, ba ta sayar da ko taku ɗaya ba. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ta kwashe iyali biyu ta ajiye a falonta wata guda, tana ciyar da su tana yi musu faɗa a kan takalma. Lokacin da na haifi 'yata na sha wuya sosai, ita ta zauna a kaina kwana biyu har ungozoma ta ce na tsallake. Da na farfaɗo ta kawo mini shayi har gado, shayi mai kyau, da baƙin kek yanka biyu. A kofin ƙarfe ta kawo, irin wanda ake ba masu yankan ciyawa.

Tsufa ya zo mata ta hannu. Tana da saba'in da takwas butar ta fara yi mata nauyi, bakin butar yana karkarwa a kan kofi. A shayin Yuli na shekarar ta zuba wa matar fasto rabin kofi a cinya. Na ce a raina, to, lokaci ya yi. Na riga na kai hamsin, gashina ya fara fari, ba wata mace a gidan sai ni, 'yata tana can Buenos Aires ba ruwanta da buta. Shekara ta zagayo, na ɗinka sabuwar riga, ban gaya wa kowa dalili ba. Muka isa coci, Nesta ta zauna a kan tebur, ta ɗaga hannu ta kira 'yar Olwen, matar da ba ta haɗa komai da gidan Rowlands ba, ta ce ta zo ta zuba.

Ban yi shiru ba a ranar. A gaban mutane na ce, "Donya Nesta, ina tsaye a nan fa."

"Na gan ki," ta ce. "Baho yana baya."

Na koma baya da sabuwar rigata na wanke kofi ɗari biyu. A ranar na daina fatan ta so ni, na koma fatan in ga bayanta, kuma ban ji kunyar wannan fatan ba.

A watan Yuni na shekarar da ta cika tamanin ta kwanta. Ni ce mai jinya, wa kuma? Ina ba ta abinci a baki tana cewa gishiri ya yi yawa. Shayinta na ƙarfe huɗu kuwa ba ta fasa ba, sai dai Aled ne ke haɗawa a butar, ni in kai kofin. Wata Laraba Aled ya tafi Trelew sayen magani bai dawo da wuri ba. Huɗu ta yi, ta ce in ɗauko butar in haɗa. Na tsaya ina kallonta, na ɗauka ruɗewa ce. Ta ce ko na kurmance ne. Na je na ɗumama butar sau biyu, na haɗa yadda na ga ana yi shekara talatin da ɗaya, na kawo mata har gado. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Sai ta sa yatsa a kan tsagar, ta bi ta daga mariƙi zuwa ƙasa.

"Ranar da kika wanke ta, wane launi ne tsagar nan?"

Na ce ban tuna ba.

"Baƙa ce. Sabuwar tsaga fara ce. Da kina da ido da kin gani, da Nain tana da ido da ta gani."

Sannan ta ba ni labarin, a hankali, tana kallon tagar. Sanyin farko bayan aurenta, wata safiya ruwa ya daskare a bokiti, Nain Ketura ta tafi gaisuwar rashin lafiya. Ita kuma amarya, tana sauri, ta juye tafasasshen ruwa a butar da ta kwana cikin sanyi ba tare da ta ɗumama ba. Ta ji ƙara ƙas. Ta ce a ranar ta yi tunanin faɗawa kogi. Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta gaya mata dabarar madara, ta dafa butar a ɓoye a rumbun ciyawa, daga nan ta dinga haɗa shayi mai kauri tana barin shi ya kwana a ciki har baƙin ya rufe tsagar. Shekara ashirin da bakwai asirinta a rufe, sai ga ni da soson ƙarfe.

Na zauna a bakin gado. Na tambaye ta wasiyyar Nain fa. Ta ce Nain ba ta bar wata wasiyya ba, barci take ta wuce.

"Me na yi miki?" na ce.

"Kin tona ni. Kuma kika durƙusa." Ta juyo ta dube ni. "Da kin tsaya kin ce ba ke ba ce, da na ji tsoronki. Sai kika durƙusa kina ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba. Daga ranar na san ba za ki iya riƙe tebur ba."

Na ɗauka tuba take son yi kafin ta gamu da Mahaliccinta. Na ce to, Aled yana hanya, gobe kuma Olwen za ta zo dubiya, ta maimaita a gabansu, kalma biyar ta isa. Sai ta miƙo mini kofin.

"Ya huce," ta ce. "Kin cika surutu, 'yar tudu."

Da Aled ya dawo na tare shi a ƙofa na gaya masa komai. Ya shiga ya tambaye ta. Ta buɗe ido ta ce ita ba ta san zancen ba, wataƙila matarsa ta gaji ne, a nemo mai taya ta jinya. Ya fito ya dafa kafaɗata, ya ce in je in kwanta in huta. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. Kullum in na shiga juya ta sai in ce, Donya Nesta, ki faɗa. Kullum sai ta rufe ido. Ban fasa wanke ta ba, ban fasa ba ta abinci ba, amma Allah ya sani ba da tausayi na yi ba. Ina tsaron numfashinta ne ko za ta faɗa. Ta mutu wata Lahadi da hantsi, bakinta a rufe gam.

Bayan an binne ta aka dawo ɗakin shayi na coci, yadda aka saba. Ni na yi kek ɗin, ni na yanka burodin. Na shigo rungume da butar cikin hularta, sai Olwen ta tare ni, ta tsufa ta ranƙwafa amma bakin yana nan. Ta ce in kawo, 'yarta za ta zuba, haka marigayiya za ta so. Na ce marigayiya tana maƙabarta, in tana da magana ta zo ta faɗa. Na wuce ta na zauna a kan teburin gidan Rowlands. Ɗakin ya yi tsit, har fasto ya daina tauna.

Na ɗumama butar sau biyu a gabansu. Ganyen Misiones da ɗan na Silon daga gwangwanin bayan fulawa, ruwan ganga da na taho da shi daga gida, minti biyar ƙarƙashin hula, madara kafin shayi. Na zuba kofi goma sha biyu ko ɗigo bai taɓa ƙyalle ba. Na sake haɗawa, na sake zubawa, har sau tara, sai da kowa a ɗakin ya sha daga hannuna. Ina jin mata suna raɗa cewa kamar Nesta ce ta haɗa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, daɗin da na jira tun ina da shekara ashirin da uku. Na fara tunanin ko in bar zancen haka, in riƙe teburin, in mutu da abin da na sani.

Sai Olwen ta ajiye kofinta, ta goge baki, ta ɗaga muryar nan tata yadda na bayan ɗaki za su ji.

"Shayi ya yi, Zulema, ba laifi. Sai dai ki riƙe ta da hannu biyu. Kin san hannunki, kin taɓa yi sau ɗaya."

Aka yi dariya, 'yar kaɗan, irin ta gidan makoki. Na dubi Aled, yana kallon farantinsa. Na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, na ga ko na rantse da Littafi Mai Tsarki ba wadda za ta yarda, za su ce ƙasa ba ta bushe a kan tsohuwa ba na fara yi mata ƙazafi. Na gane ko na zuba shayi shekara ashirin a teburin nan, ni ce dai wadda ta tsaga butar, kuma duk wanda ya karɓi kofi daga hannuna sai ya tuna. Nesta ta tafi da sunana cikin ramin, ta bar mini buta.

Na zuba wa kaina kofin ƙarshe, a kofin tangaran mai bakin zinariya, na shanye a zaune ba tare da sauri ba. Na miƙe, na cire wa butar hularta na ninke na ajiye. Na ɗaga ta da hannu biyu, yadda Olwen ta ce, na matsa inda ba kowa, na buɗe hannuwana. Daɓen ɗakin na siminti ne.

Ba wanda ya yi motsi. Ganyen shayi ya watsu har ƙarƙashin kujerar fasto. Olwen ta dafe ƙirji.

"Kin fasa ta."

"E," na ce. "Wannan karon ni ce."

Na je baya na ɗauko tsintsiya, tunda na fi kowa sanin inda ake ajiye ta.